'Yar Tutar da Ba Ta Ɗaga Kai

Sandar ta riga labarin shigowa gidanmu. Wata la'asar na ji ana kokawa da ƙofa, na buɗe, sai ga babbar 'yata tana fama da wani dogon ƙarfe da ya fi ta tsawo, an naɗe masa yadi ruwan hoda mai santsi. Sai da ta kwashe min hoton bango da shi kafin ta samu ta jingine shi bayan kujera. Na ce wannan kuma na waye. Ta ce nata ne, an ɗauke ta cikin 'yan tuta.

Lokacin muna zaune a unguwar Pantai Dalam a ƙasar Malayawa, hawa na huɗu a wani dogon bene, mai gidan yana koyarwa a jami'ar da ya gama karatunsa. Ni karatuna bai wuce firamare ba, sai Islamiyya. Turancina na cefane ne, Malayancin ma haka, na iya tambayar kuɗin abu, na iya cewa ya yi tsada, na san boleh na san tak boleh, wato zai yiwu da ba zai yiwu ba. Ita kuwa tun tana ƙarama muka zo da ita, bakinta ya juye, in na yi mata Hausa sai ta amsa min rabi da Hausa rabi da abin da ya zo mata. Shekararta ta farko ke nan a sakandare.

Makarantarsu tana da 'yan badujala, masu ganguna da ƙahonin ƙarfe, irin waɗanda muke gani a gida ranar fareti. Amma a nan akwai wasu a cikinsu da ba sa busa komai, ba sa kaɗa komai. Su ne ke ratsa masu kiɗan da manyan tutoci, suna juya su, suna cilla su sama suna cafewa, manyan cikinsu kuma da farar bindigar katako. Da ta gama yi min bayani abin da na gani a raina shi ne ƙarfen nan yana saukowa a kan haƙoranta. Na tambaya ko da maza. Na tambayi irin kayan da za a sa musu. Babansu ya je ya duba, ya dawo ya ce duk mata ne, riga mai dogon hannu, wando mai faɗi, da tudung, ɗan hijabinsu na nan da ake maƙalewa da fil. Ya ce in bar ta. Na ce na bar ta, amma washegari na goya ƙanwarta na bi bayanta.

Akwai wata bishiya a gefen filin, nan ya zama wurina. A nan na fara ganin malamarsu, wadda suke kira Cikgu, kamar yadda ake kiran kowane malami a nan. Gajeriya ce, rana ta dafa ta, tana ɗora hular hana sallah a kan tudung ɗinta, gwiwarta ɗaya a ɗaure da bandeji. An ce ita ma tuta ta yi tun tana yarinya, a can ta samo ciwon gwiwar. Ba ta riƙe bulala, ba ta zagi. Wani ɗan katako take riƙewa tana buga shi da sanda, ƙwas ƙwas ƙwas, yaran suna ƙirge da baki ɗaya har takwas su koma ɗaya. In sun ɓata ba ta cewa sun ɓata, sai dai ta ce sau ɗaya kuma. In sun yi daidai ma haka take cewa. Yaran suna cewa sau ɗayan Cikgu ba ya ƙarewa sai an kira magariba.

Can nesa kuma akwai malamin kiɗan, wani dogon ɗan Sin da tawul a wuya, yana tsaye a kan tsani da lasifika. Shi mai faɗa ne. Sau da yawa zai tsayar da kowa saboda mai ganga ɗaya, Cikgu ta tsaya ta riƙe ƙugu tana jiransa, in ya gama ta ce wa nata yaran su sha ruwa tun da an ba su hutu kyauta.

Na lura da abubuwa da yawa daga ƙarƙashin bishiyar nan. An naɗa salatif a wurare biyu a jikin kowace sanda, nan hannu yake kamawa, yarinya ba ta buƙatar dubawa. A cikin bakin sandar akwai ƙusa mai nauyi da aka cusa, ita take sa ta juya a sama. Na gane in iska ta taso daga wajen titin jirgi sai Cikgu ta sa su rage tsawon cillawa. Kuma na gane 'yata ta iya. Ba don tawa ba ce. Tutarta tana buɗewa gaba ɗaya, ba ta naɗewa a sanda, in ta cafe kuwa sai ka ji ƙarar tafinta ɗaya tak, ba lalube. Da na faɗa wa babansu sai ya ce ai hannun muciya ne, gado ne, in daina mamaki. Kullum dai tana dawowa da tabo, yau a wuyan hannu gobe a goshi, ina shafa mata man zafi ina mita, tana cin abinci da ɗayan hannun.

Ana cikin shirin gasar makarantu sai wata rana ta dawo ranta a ɓace. Ta ajiye sandar, ta shige ɗaki, na zuba mata shinkafa da miyar kuka da na yi tanadi ta ce ta ƙoshi. Sai da na zauna a bakin gadon na daɗe kafin ta ce Cikgu za ta cire ta daga layi. Za a mayar da ita cikin masu jera tutocin canji a gefen fili, waɗanda ke durƙushe har a gama wasa. Na ce me kika yi. Ta ce ba ta sani ba, Cikgu ta ce fuskarta ce.

Ban taɓa zuwa wajen malamin yarana da magana ba, babansu ke zuwa. Amma yana da aji a ranar, ni kuma raina ya ƙi kwanciya. Na yi ta juya kalmar fuskar nan, har na fara zargin ko baƙinmu ne ba a so a gani a layi. Da wannan zargin na tafi, na shirya maganganu a hanya waɗanda ban ma san yadda zan faɗe su da yarensu ba.

Ni da yarinyar muka sami Cikgu zaune a kan akwatin ganga tana kwance bandejin gwiwarta. Yarinyar ce tafinta, don haka da bakinta ta riƙa faɗa min laifinta. Cikgu ta ce a cikin sabbin yara babu mai hannunta. Amma kanta kullum a ƙasa. Ta ɗaga ido ta cafe sanda, ta sake sunkuyawa. In ana yi mata magana takalmin mai maganar take kallo, har ita Cikgu ta rasa ko fushi take yi ko tsoro take ji. Ta ce alƙalan gasa can saman filin wasa suke zama, fuskoki suke nema, kai ɗaya a sunkuye cikin layi ana hango shi kamar giɓi a baki. Ta ce ta yi magana har ta gaji.

Duk wannan bayanin 'yata tana fassara shi idonta a ƙasa. Ni ma ina saurare idona a kan farin takalmin Cikgu, har na lura igiyar ɗaya ta fi ɗaya tsufa. Sai kawai na ga fuska ta leƙo ni daga ƙasa. Matar nan ta ranƙwafo ne tana neman idona. Ta kalle ni, ta kalli yarinyar, ta tuntsire da dariya har tana dafa gwiwa, ta faɗi wata magana.

Na ce, "Me ta ce?"

"Ta ce ashe daga gida ne, Umma."

Nan na ji zargin da na zo da shi ya zube, na ma ji kunyarsa. Na ce ta faɗa mata a wurinmu yaron da ke tsare babba da ido sunansa mara kunya, kuma ni na koya mata haka, da wahala ma, a ƙasar da ba tamu ba. Na ce ba fushi ba ne, girmamawa ce, duk wanda ta fi sunkuyar wa kai shi ta fi ganin girmansa. Cikgu ta daina dariya. Ta ce ta gane, kakarta ma haka ta rene su a ƙauye. Amma a fili ba ta da yadda za ta yi, aikin da fuska ake yin sa. Ta ba mu zuwa ranar da tela zai zo awon kayan gasa. Wadda aka auna ta shiga.

Ban yi nadamar tarbiyyar da na ba ta ba, ko a ranar ko yanzu. Na dai ga aiki ya same ni. Babansu da ya ji ya ce ai wannan mai sauƙi ne, ya kira ta ya ce, "Zo nan, kalle ni." Ta kai idonta har gemunsa, dariya ta ƙwace mata, ta gudu kicin. Maƙwabciyata Bakatsiniya, matar wani mai digiri na uku, ta ce in gode wa Allah, mutane na kukan 'ya'yansu sun yi tsaurin ido a ƙasar nan ni ina neman wanda zai koya wa tawa. Ta ce in na gama da ita in aiko mata da maganin ta juya shi ta ba nata.

Ina shanya a baranda dabarar ta zo min. Barandarmu tana kallon wurin ajiye motoci, kuma da la'asar rabinsa fili ne kafin ma'aikata su dawo. Cikgu ta ce alƙalai a sama suke. To ga sama. Na ce wa yarinyar ta ɗauki sandarta ta sauka, ni zan tsaya a nan, ni ce alƙali, duk abin da za ta yi ni za ta kalla.

Abin da ban lissafa ba shi ne ni kaina. 'Yar fari ce. Ban taɓa kiran sunanta ba, ke nake ce mata, ko in ce yarinyar nan. Ba na yabonta a gabanta, ba na zama ina kallonta. Haka mahaifiyata ta yi da yayanmu, har ya yi aure ban ji ta faɗi sunansa ba, kuma babu wanda ya taɓa shakkar shi ta fi so. Su ƙananan ina ɗaukarsu ina yi musu wasa a gaban kowa, ita kuwa sai dai in ƙara mata nama a kwano in kau da kai.

Ranar farko ta kalli igiyar shanya, ta kalli akwatin na'urar sanyin maƙwabta, ta kalli tsuntsun da ke kan rufi. In kanta ya sauka ina buƙatar in ankarar da ita, ke ɗina kuwa ba ta isa ƙasa daga hawa na huɗu, sai wata tsohuwa 'yar Indiya da ke ƙasanmu ta leƙo ta ɗauka da ita nake. Na koma kicin na ɗauko murfin tukunya da ludayi. Kai ya sauka, in buga. Na buga murfin nan a ranar har ƙanwarta ta farka da kuka.

Da ta hawo tana haki ta sha ruwa, ta ce ba tare da ta juyo ba, "Umma, ke ma ai tutar kike kallo."

"Ni ba gasa zan shiga ba."

"To wa zan kalla in kin kau da kai? Alƙali ba ya kallon gefe lah."

Na ce ta wuce ta yi wanka tana warin rana. Amma gaskiyarta ce. Washegari na ajiye shanyar, na dafa ƙarfen barandar da hannu biyu, na sa idona a fuskarta na bar shi a can. Ta ɗago. Ban san iya lokacin da muka yi a haka ba, kaɗan ne, amma na ga abin da ban taɓa tsayawa na gani ba, goshin kakarta ta wajen uba sak, da yadda take cije leɓen ƙasa kafin ta cilla. Sai dariya ta kama mu tare, sandar ta sauko a kan wani babur, ya hau kururuwa, mai gadi ya taho da gudu. Da ya ji abin da ake yi, daga ranar shi yake hana motoci tsayawa a wannan kusurwar sai mun gama. Tsohuwar ƙasanmu ma ta mayar da abin kallonta na yamma, tana fitowa da kofin shayi, in an cafe ta tafa, in an yar ta yi tsaki da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Duk da haka abin bai zauna ba. A ƙasa tana iya kallona, a makaranta da Cikgu ta matso sai kan ya koma. Na gane yarinyar tsoro take ji kada ta zama abin da na hana ta zama. Wata la'asar ruwa ya hana mu fita, irin ruwan nan na garin da ke sauka kamar da bokiti, muna zaune a falo tana naɗa sabon salatif a sandar. Na ce mata ta saurara. Na ce in dai sandar nan tana hannunki, ki kalli kowa, ko limamin Juma'a ne ya tsaya a gabanki, aiki kike yi, ba rashin kunya ba ne, ni na ba ki izini. In kin ajiye ta, ki koma yadda na san ki. Ta murza salatif ɗin da babban yatsa. Ta ce ko Abba? Na ce ko Abba, amma kada in ga kin ɗauko ta don za a yi miki faɗa.

Ranar awo ina ƙarƙashin bishiyata. Tela ya zo da tef a wuya ya zauna a inuwa yana jira. Cikgu ta sa suka yi wasan tun daga farko, tana buga katakonta, sannan ta bi layin a hankali tana ɗingishi. Da ta iso kan 'yata ta tsaya dab da ita, ta fara yi mata magana. Na ga yarinyar ta ƙara damƙe sandar, ta tsare matar nan da ido, ko ƙiftawa babu. Maganar ta yi tsawo, kan bai sauka ba. Can sai sauran yaran suka fashe da dariya, Cikgu ta tura ta wajen tela da gefen katakon. A hanyar gida na tambayi abin da aka yi wa dariya. Ta ce Cikgu ta ce, "Kallona na ce ki yi, ban ce ki cinye ni ba. Ƙifta, ki yi murmushi."

Murmushin ya ɗauke mu wasu kwanakin a baranda, don ni ma ba gwanarsa ba ce in ana kallona. Muka je kasuwar unguwar Masjid India neman tudung ruwan toka da zai dace da kayan, na sa mai kedai, wato mai shago, ya sauko da kusan duk abin da ke kantarsa kafin na yarda da ɗaya, na sayi fil mai kulle don kada tuta ta fizge shi.

Ranar gasar muka hau LRT, jirgin ƙasan cikin gari, mu duka, har da maƙwabciyata da ta ce ta zo ganin abin da ya sa na lotsa murfin tukunya. Na ja su har can sama kusa da rumfar alƙalai, babansu yana ta cewa ƙasa ta fi kusa. Makarantu suka yi ta shiga suna fita, wasu da tutoci kamar wuta, wasu da kaya masu walƙiya da na san ba za mu iya da su ba. Da namu suka shigo na neme ta na same ta a ƙarshen layi ta hagu. Daga can sama yara ƙanana ne ƙwarai, kuma a nan na ga gaskiyar Cikgu, babu abin da ido ke fara kamawa sai fuskokin da ke ɗage.

Iska ta yi musu wasa a tsakiya. A babbar cillawar sandar wata ta faɗi, ta 'yata ma ta karkace, ta cafe ta can ƙasa kusa da gwiwa. Na jira kan ya sauka. Ta miƙe, ta buɗe tutar, fuskarta a sama tana murmushin nan da muka sha wahalarsa, har aka buga gangar ƙarshe. Maƙwabciyata ta rangaɗa guɗa, Malayawan da ke gabanmu duk suka waiwayo. Ni kuwa na gyara wa ƙanwarta hula.

Ba su zo na ɗaya ba, ba su kuma zo na ƙarshe ba. A bayan filin muka tarar da Cikgu zaune a bakin motar kaya, muryarta ta dishe gaba ɗaya, tana cin shinkafar da aka yi musu tapau, wato ƙunshin abincin saye, da cokalin roba. Ta yafito 'yata, ta jawo wata farar bindigar katako daga cikin motar ta miƙa mata. Da raɗa take magana, yarinyar ta fassara min: ta tafi da ita gida ta saba da nauyinta a hutu, baɗi a layin gaba take son ta.

Na karɓa na jinjina, ta fi sandar nauyi nesa ba kusa ba, ga maɗauri na fata, ga baki kamar na gaske. Na tuna jirgi za mu hau, mu baƙi, da 'yan sanda a bakin tasha. Babansu ya ce katako ne, kowa ya san ta 'yan makaranta ce. Na ce na ji. Na cire mayafina na biyu daga jaka na naɗe ta tsaf, na ƙulle sama da ƙasa, na rungume ta a ƙirji, na ce su wuce gaba ina biye.